Yadda Ba-Ragi Ta Tsayar da Filin Golf

A layin masu tukwane babu wanda bai san Ba-Ragi ba. Sunan ma ba iyayenta suka raɗa mata ba, masu sayayya ne, don tunda take ba a taɓa jin ta ce wa mutum "na rage maka" ba. In kuwa ita ce mai saye, to dillali ya nemi kujera. Sai ta ja shi ciniki har rana ta juya, ya sallama mata, ba don farashin ya yi masa ba, sai don ƙafarsa ta gaji. A wurinta mai sauri shi ke biyan tsada, kuma da wannan karatun ta gina shago biyu.

Mijinta marigayi, Allah ya jiƙansa, injiniyan ruwa ne, mutum mai sanyi, cutarsa ɗaya ce a duniya: wasan ƙwallon golf. Duk Asabar sai ya saɓi wata doguwar jaka cike da sanduna ya tafi kulob, ita kuma ta bi bayansa da baki. "A dawo lafiya, mai bin ƙwai da ludayi!" Shekara da shekaru haka, bai taɓa tanka mata ba.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni, sai ga wata mata siririya mai gilashi ta zo shago. Likita ce mai ritaya, kuma 'yar kwamitin kulob ɗin. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta ce, "Hajiya, maganar gurbin marigayi a kulob ce. Ƙa'idarmu, matar mamaci tana iya gadon gurbin mijinta, in ta buga zagaye ɗaya tare da ɗan kwamiti. In ba ta so, ko ba ta iya ba, sai a ba wanda ke jira."

"Wa ke jiran?"

"Ƙanin marigayi."

Ba-Ragi ta ajiye murfin tukunyar da ke hannunta. Auta ke nan, mai kemis, wanda tun tana amarya yake tsokanarta. Ko sati biyu ba a yi ba ya zo gida ya tsaya yana kallon jakar a bayan ƙofa, ya ce, "Matar Yaya, wannan jaka ƙura kawai take sha." Da wani ne ke jira, wallahi da kyauta ta bar masa. Amma Auta? Ban da haka ma, ofis sun ba wani teburin marigayi, tufafinsa an rabar, gurbin nan ne kaɗai ya rage a duniya da ake kira da sunan mutumin har yanzu.

"Zan buga," in ji ta.

Likita ta gyara gilashi. "To ki ji da kyau. Ba ruwanmu da iyawarki. Ko sau ɗari kika bugi ƙwallo kafin ya shiga rami, ba mu damu ba. Abu ɗaya muke kallo, kada ki tsayar da na bayanki. Ramuka goma sha takwas ne, mutane kan gama cikin awa huɗu. In na baya suka cim miki, ki ɗaga musu hannu su wuce. Shi ke nan ladabin wasan."

"Likita, ai ni ba a cim mini."

Kafin la'asar duk layi ya ji. Ba-Ragi ta tsaya ƙofar shago, hannu a ƙugu, tana yi wa maƙwabciyarta Mai Labule bayani da muryar da za ta kai har layin masu takalma.

"Ni da nake ratsa kasuwar nan daga ƙofa zuwa ƙofa da tulin tukwane a ka? Ramuka goma sha takwas? Su haɗa shayi, kafin ya huce na gama na zauna. Maza ne fa masu tumbi suke yin abin nan, suna tafiya kamar agwagi."

"Kin taɓa riƙe sandar kuwa, ƙawata?"

"Shekara nawa ina riƙe muciya? Meye bambancin?"

Ta sa aka ɗauko jakar daga gida don ta nuna. Ta ajiye ƙwallo a tsakiyar layi, ta zaro sanda, ta rufe ido ta kai masa duka. Ƙwallon ya tashi ta gefe, ya shige shagonta, ya bi tukwane ɗaya bayan ɗaya, ƙwal, ƙwal, ƙwalalam, ya fito ya faɗa cikin kofin Mai Labule.

"Kun gani?" in ji Ba-Ragi. "Bugu ɗaya, ya shiga. Kuma ramin nasu ya fi kofin nan faɗi."

Mai Labule ta ce ko za ta rufe shago, sai ta je ta ga wannan abu da idonta.

Ranar Asabar da safe suka isa a motar kayan Ba-Ragi. Mai Labule ba 'yar kulob ba ce, don haka ta tsaya a bayan wayar da ta kewaye filin, inda hanya ke bi ta gefe, tana iya ganin komai. Fili ne shimfiɗe kore shar, ga itatuwa, ga tutoci can nesa. A bakin ofis masu ɗaukar jaka suna zaune a benci. Ba-Ragi ta tambayi na farko kuɗin ɗauka, ya faɗa. Ta yi dariya, ta taya rabin rabi. Ya ce albarka. Ta koma kan na biyu, ta ce masa jakar ba nauyi, iska ce a ciki. Ta ce wa na uku ai motsa jiki zai samu, shi ya kamata ya biya ta. Kafin ta kai ƙarshen benci, benci ne kaɗai ya rage.

"Huta roro," in ji ta, ta ɗora jakar a wuya.

A wurin farawa Likita na tsaye tana duba agogo. A bayansu mutum huɗu suna jiran nasu lokacin, cikinsu har da Auta da wani dogon lauya mai jar hula. A bayan waɗannan akwai wasu huɗun, a bayansu wasu, don Asabar ce, kowa ya fito.

"Matar Yaya, Allah ya ba da sa'a," in ji Auta.

"Ka riƙe sa'arka, za ka buƙace ta."

"Bismillah, Hajiya, lokacinmu ne," in ji Likita. Ta buga nata, ƙwallo ya tafi ɗoɗar ya sauka tsakiyar fili. Ko numfashi biyu ba ta yi ba.

Ba-Ragi ta sauke jaka ta zazzage sandunan gaba ɗaya a ƙasa. Mai tukwane ba ta amfani da abin ƙarfe sai ta ji muryarsa. Ta ɗauki na farko, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kara a kunne. Ta girgiza kai. Ta ɗauki na biyu.

"Hajiya, me kike yi?"

"Ina jin mai tsaga. Wannan kin ji shi, gwangwani ne, an cuci marigayi."

"Ɗauki wannan babban, da shi ake farawa."

"Abin da aka fara miƙo maka, Likita, shi ake so a rabu da shi."

Sai da ta ji muryar kowanne, sannan ta zaɓi babban da aka nuna mata tun farko. Ta gyara mayafi, ta ɗaga sanda, ta kawo duka. Wani ɓangaren ciyawa mai girman faranti ya tashi sama ya sauka a takalmin lauya. Ƙwallo na nan inda yake, ko gezau.

"Ƙasar nake gwadawa," in ji ta.

A na uku ta same shi. Ya tashi kamar an aiko shi, ya karkata dama, ya nutse cikin doguwar ciyawa kusa da waya.

"Ƙawata, ya fi na kasuwa nisa!" Mai Labule ta ƙwala daga waje.

Suka shiga nema. Likita ta duba nan, ta duba can, ta kalli agogo ta ce, "Minti uku ake ba mutum. In bai gani ba, ya ajiye wani ya ci gaba. Ungo nawa."

Ba-Ragi ta miƙe tana kallonta. "In bar ƙwallon marigayi a jeji? Abin da aka sa kuɗi aka saya? Likita, ni allura ta taɓa faɗuwa a shagona, sai da na kwashe tukwane kaf."

Ta ci gaba da tona. Abin da ya ƙara ɓata lamari, ciyawar cike take da ƙwallayen da wasu suka yi minti ukunsu suka bari. Ta tsinci ɗaya. Ta tsinci na biyu. Idonta ya buɗe. Mu 'yan kasuwa haka Allah ya yi mu, in muka ga kaya a ƙasa ba mai shi, sai mu manta abin da ya fito da mu. Ta kwance gefen mayafi ta fara tarawa.

"Waɗannan mutane ba su san zafin nema ba! Ƙawata, duba ta wajenki, akwai?"

Can baya lauya ya gaji da tsayuwa. Ya ga matan sun kauce cikin ciyawa, ya buga nasa. Ƙwallon ya gangaro ya tsaya a bakin ciyawar. Ba-Ragi ta sunkuya ta jefa shi cikin mayafi.

Lauya ya taho da sassarfa, hula a hannu. "Hajiya! Nawa ne wannan! Yanzu na bugo shi!"

"Meye alamarsa?"

"Fari ne, mai 'yan ramuka a jiki."

Ta buɗe mayafi. "Duk farare ne masu 'yan ramuka. Kai ba lauya ba ne? Kawo shaida."

"Mutum nawa suka ga na buga!"

"Sun ga ka buga. Sun ga na ɗauka? To wanne na ɗauka?"

Sai da Likita ta sa baki aka ba shi ɗaya, shi ma Ba-Ragi ta zaɓo masa wanda ya fi tsufa. Nata kuwa ba a gan shi ba. Ta yarda ta buga ɗaya daga cikin tsintattun, bisa sharaɗin za ta dawo neman na marigayi in an tashi.

Daga nan zuwa tutar da ke bakin rami, bugu ne da ba a ƙirguwa. Kowane bugu sai an sauke jaka, an zazzage, an ƙwanƙwasa, an mayar. Ƙwallo ya je hagu, ta bi shi. Ya dawo dama, ta bi shi. Ga mayafi ya yi nauyi, yana dukanta a gwiwa. Da ƙyar da jiɓin goshi ƙwallon ya hau lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin farko, ya tsaya tazarar taki ɗaya da bakin rami.

Likita ta yi ajiyar zuciya. "Madalla. Wannan na bar miki. Ɗauki, mu ɗauka ya shiga, mu tafi."

Ba-Ragi ta tsuke ido. "Kin bar mini?"

"Haka ake yi in ya zo kusa, don a rage lokaci."

"Kyauta?"

"Kyauta."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa, Likita. Me ke cikin ramin nan da ba kya so in gani?"

Ta durƙusa ta leƙa ramin. Ta zura hannu ta laluba. Ba komai. Duk da haka ta ce ita ba ta cin abin da ba ta yi wa gumi ba, kada gobe a ce alfarma aka yi mata. Ta buga. Ƙwallo ya wuce rami. Ta zagaya ta bugo, ya sake wucewa ta ɗaya gefen. Ta ji haushi ta ƙara masa ƙarfi, ya gangara ya faɗa ramin yashin da ke gefe.

A cikin yashi ta yi ta duka, yashi na tashi, ƙwallo na kallonta. Da ya fita, Likita ta nuna mata manjagara ta ce a gyara sawu don na baya, ja biyu ya isa. Ba-Ragi ta kalli yashin ta taɓe baki.

"Wa ke share muku wurin nan? Ai wannan ƙazanta ce."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta fara daga kusurwa. Ta tsince ganye, ta fitar da tsakuwa, ta ja layi-layi kamar ƙofar shagonta ran da kaya suka iso. Da ta ga sawunta ya ɓata inda ta gyara, ta sake daga farko tana ja da baya.

A rami na uku rana ta take tsaka. Duk wanda ya waiwaya zai ga abin da kulob ɗin bai taɓa gani ba. Mutane sun taru huɗu-huɗu har sun zama taro. Wasu sun zauna a kan jakunkuna, wani ya kwanta gindin itace ya rufe fuska da hula, wasu biyu sun fara gardamar siyasa har sun ɓata sun shirya. Gaban Ba-Ragi kuwa fili fayau, ko tsuntsu babu.

Sai ga mai sintiri a 'yar ƙaramar motarsa, mutumin da aikinsa shi ne ya ga wasa na tafiya. Ya sauko da ladabi.

"Hajiya, barka da rana. Kin tsayar da fili. Don Allah ki ɗaga wa na baya hannu su wuce."

"Su wuce ina?"

"Gabanki."

"Malam, wa ya riga zuwa?"

"Ke ce, amma..."

"To layi layi ne. Ni ko a banki ba a tsallake ni, bare a jeji. Yau in na bar huɗu, gobe takwas ne."

"Ba abin kunya ba ne, Hajiya. Kowa na yi. Shugaban kulob ma yana yi."

Ba-Ragi ta auna shi da ido. Ta ga alamar mutum ne da za a iya ciniki da shi.

"Mutum ɗaya zai wuce."

"Huɗu-huɗu suke bugawa."

"Biyu. Ban da mai jar hular nan."

"Hajiya, ba a raba su."

"To albarka."

Mai sintiri ya share gumi. "To ga wata hanya. Ki ɗauki ƙwallonki, in kai ki gaba a mota, ki tsallake rami biyu, sai ki sami sarari."

"Goma sha takwas aka ce mini. Goma sha takwas za ku auna mini, ba tauye mudu. Kun ga mace ba miji, za ku rage mini ramuka?"

"Faɗa musu, ƙawata!" in ji Mai Labule daga bayan waya, tana riƙe ciki. Ita ta sami dutse ta zauna, har ta sayi ruwan sanyi.

Auta ne ya baro abokan wasansa ya taho. Ba dariya a fuskarsa. Ya matso kusa ya rage murya.

"Matar Yaya, wasa a gefe. Ki ɗaga musu hannu. Abin da Likita ke jira ke nan tun safe. Kina ɗagawa, gurbin Yaya naki ne, ni na haƙura. Hannu kawai."

Gaskiya ya faɗa mata, har cikin ransa. Kuma da wani ne ya faɗa, da wataƙila ta ji, don hannun nata ma ya fara motsi. Amma a kasuwa akwai karatun da ba a mantawa: in ku biyu kuna son kaya ɗaya, abokin tayinka ya raɗa maka shawara, to ka yi kishiyarta. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Kifi na ganinka, mai jar koma. In ɗaga hannu, a ce na sallama, ka kwashe? Tun kana yawo ba wando na san ka, Auta."

"Wallahi, Matar Yaya..."

"Koma layi."

Rami na biyar akwai tafki a gabansa, dole ƙwallo ya tsallake ruwa. Likita ta buga nata ya haye. Ba-Ragi ta buga, ƙwallo ya ce cuɓul. Ta ciro wani daga mayafi, cuɓul. Wani kuma, cuɓul. Duk abin da ta tsinta da safe, ruwa ya karɓe ɗaya bayan ɗaya, mutanen baya suna rakiyar kowanne da "Ayya!" kamar masu amshi. Da ya rage saura ɗaya, ta tofa yawu a tafi, ta ja baya, ta tattara ƙarfin shekarun tuƙi da ɗaukar kaya, ta kawo duka.

Ƙwallon bai motsa ba. Sandar ce ta tafi. Ta suɓuce daga hannunta, ta yi juyi a sama tana walƙiya, ta sauka tsakiyar tafki, agwagi suka watse.

"Wannan ta haye rabi!" in ji lauya. Taro ya fashe da dariya, har wanda ke barci ya tashi yana tambayar me aka yi.

Ba-Ragi ta shiga gaban wurin bugawa ta buɗe hannuwa. "Ba mai bugawa ta kan ruwan nan sai an fito mini da sandar marigayi! A kawo mai iyo! A kawo injin janye ruwa, mijina ya san inda ake samu!"

Likita ta cire gilashi, ta goge, ta mayar. Muryarta ba ta tashi ba.

"Hajiya, mutanen da suka fara kafin mu sun gama, sun yi wanka, sun ci abinci. Mu muna rami na biyar. Sandar za a ciro miki da yamma. Yanzu magana ɗaya ce. Ki matsa gefe ki ɗaga wa bayin Allahn nan hannu, mu ƙarasa a hankali ni da ke, in ce wa kwamiti kin iya zama da mutane. Ko kuma in ɗaga da kaina, gurbi ya koma ga mai jira."

Auta yana yi mata alama da ido, yana ɗaga nasa hannun a ɓoye don ta gani.

To a nan ne Ba-Ragi ta ga ciniki ya kai inda ake fito da babban makami. Duk ɗan kasuwa ya san shi. In mai kaya ya kafe, sai ka kakkaɓe zani ka juya ka kama hanya. Ba ka kai taki goma sai ka ji, "Dawo, Hajiya, kawo kuɗin." Tunda take, ba ta taɓa juya baya ba a kira ta ba.

"Ku riƙe filinku," in ji ta. "Akwai wani a gaba."

Ta yar da jakar a ƙasa, don mai barin kaya shi ake saurin kira. Ta kakkaɓe mayafi ta juya, ta nufi ƙofa ta gefen waya, kai a sama.

Mai Labule ta tashi ta bi ta daga waje, waya a tsakaninsu.

"Kada ki yi mini magana da ƙarfi," in ji Ba-Ragi ta gefen baki. "Ni ba zan waiwaya ba. Ke duba mini. Sun taso?"

"Likita ta ɗaga hannu."

"Tana kirana?"

"A'a. Na baya take kira."

Bayanta ta ji ƙarar sanduna, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar an fasa madatsar ruwa. Ta rage tafiya.

"Yanzu fa?"

"Mai jar hula ya buga ya haye. Yana rawa."

"Bar shi. Dabara ce. Za su kira."

Ta tsaya ta sunkuya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ta miƙe. Ta yi tari mai ƙarfi.

"Auta fa?"

"Ya naɗe wando ya shiga ruwa. Ya ciro sandar. Yana goge ta da rigarsa."

"Zai kawo mini ke nan."

"Ya sa ta a jaka. Likita na yi masa magana." Mai Labule ta ƙara leƙawa. "Ƙawata, barka take yi masa. Ya saɓi jakar."

Ba-Ragi ta ci gaba da tafiya. Ta wuce barandar kulob inda marigayi kan zauna, masu shan lemo suna kallonta, ta ƙara miƙe wuya. Tafiyar da ta yi daga baranda zuwa ƙofa, ko hawainiya ta fi ta sauri. Ba wanda ya kira ta.

Har ta sa ƙafa a bakin ƙofa, sai ta ji daga baya, "Hajiya! Hajiya, tsaya!"

Ta kama hannun Mai Labule ta matse. "Me na faɗa miki?"

Ta juyo a hankali, ta sha toka. Mai gadi ne, yana haki.

"Koma ka faɗa musu," in ji ta, "ba na dawowa sai da sharaɗi. Na farko, mai jar hular nan ya ba ni haƙuri a gaban..."

"Wane sharaɗi, Hajiya? Motar kayan nan taki ce? Tun safe kika gindaya ta a ƙofa. Mai kawo ƙanƙara yana waje kayansa sun narke, waɗanda suka gama wasa suna ciki ba hanyar fita. Mun yi ta cigiya."

Ta kalli inda ya nuna. Motoci ne jere tun daga ƙofa har bayan ofis, kowane direba ya leƙo da kai.

Ta shiga mota, Mai Labule ta zauna gefe. Ta murɗa makulli, mota ta yi tari ta mutu. Ta sake, ko tarin babu. Ba wanda ya roƙi kowa. Ƙofofin motoci suka buɗe lokaci ɗaya, manyan mutane masu tumbi suka fito suka dafa bayan motar, har da masu ɗaukar jakar da ta kora da safe, ba wanda ya tambayi ko sisi. Suka tura da zuciya ɗaya. Tunda ta sayi motar nan ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Sai da suka gangara har kwanar titi injin ya kama.

Suka miƙi hanyar gida. Mai Labule ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

"In kin gama," in ji Ba-Ragi, idonta a kan hanya, "ki saurare ni. Gobe in an tambaye ki a layi, ki ce ni na ƙi tayinsu."

"Wane tayi, ƙawata?"

"Wanda za su yi da na ba su lokaci."